Riƙon Karen Sambo

Bawa ya durƙusa a gindin turken da ke bayan rumbu, ya miƙa tafin hannunsa a buɗe, ya jira. Karen ya dube shi, ya dubi igiyar da ke ɗaya hannun, kunnuwansa suka kwanta. Sai da aka jima kafin ya tako, ya sunkuyar da kai aka zura masa ita. Bawa ya sassauta ƙullin don kada ya goge tabon da ya zagaye wuyan, inda gashi ya ƙi sake tsirowa.

"Zauna, Ɓaleru."

Karen ya zauna.

Kubura, matar Bawa, ta fito daga madafa riƙe da tsohuwar tasa. "Malam, ga ɗumame. Bari ya ci kafin ku kama hanya."

"A'a. In ya ci zai yi amai a mota, direba ya sauke mu a daji. Sai mun isa Kalgo."

Ta tsaya da tasar a hannu, tana kallon karen. "To Allah ya raka taki gona," ta fara cewa, sai ta fasa ƙarasa zolayar, ta juya ta koma madafa. Bawa ya ji tana ta buga murfin tukunya ba gaira ba dalili.

Wata takwas ke nan da Ɓaleru ya shigo gidan. Bawa ma'aikacin asibitin dabbobi ne a Gwandu, mai yi wa shanu allura, kuma a wurin aikin ya san Sambo, wani makiyayi da ke zaune a ruga gabas da gari. Annobar shanun da aka yi shekara biyu baya ta share garken Sambo kaf. Bai gama farfaɗowa ba tarin fuka ya kwantar da shi, 'yan uwansa suka zo da mota suka tafi da shi asibiti. Don kada karen ya bi motar, wani ya ɗaure shi da waya a jikin turke, da niyyar a dawo a kwance shi. Ba wanda ya dawo. Bayan kwana shida Bawa ya bi ta rugar a kan kekensa, ya tarar da baƙin kare kwance cikin taɓo, wayar ta nutse cikin naman wuyansa, ƙudaje sun rufe wurin. Ruwan sama da ya taru a wani rami kusa da turken ne ya riƙe masa rai. Masu wucewa kuma, da suka ga yana haushi yana zabura, sun ɗauka haukacewa ya yi, suka riƙa jifansa.

Ranar da Bawa ya yanke wayar, karen ya kafa masa haƙora a damtse. Ya kai shi gida a cikin buhu, ya ɗaure, ya yi kwana goma yana duban idonsa da bakinsa, yana jiran ya ga ko alamar hauka za ta fito. Ba ta fito ba. Ya aika wa Sambo saƙo cewa karensa na hannunsa, zai riƙe masa har ya warke.

Riƙon bai zo da sauƙi ba. Ɓaleru ba ya cin abinci in ana kallonsa. In ya ga mutum da sanda, ko ya ji ƙarar ƙarfe, sai ya zabura har igiya ta dawo da shi ƙasa. Ya kashe kazar maƙwabta. Mutanen unguwa suka fara magana, wasu suka daina shigowa zaure, wani dattijo ya tare Bawa a ƙofar masallaci ya ce masa bai dace mutum mai sallah ya ajiye najasa a gida ba. Bawa ya ce karen kiwo ne, kuma amana ce. Ya ware tsohuwar riga guda ta zuwa wurin kare, ya ware tasa da tulu. A wata na biyu Kubura ta kai hannu za ta ɗauke tasar, karen ya cafke mata wuyan hannu. Ta ɗaure kayanta ta tafi gidansu a Masama, sai da Bawa ya je biko sau biyu ta dawo, bisa sharaɗin ba ita ba bayan rumbu.

Kullum bayan la'asar Bawa yakan shimfiɗa buhu nesa da turken, ya zauna ya ba karen baya, ya ajiye tasar a tsakaninsu. Kowane mako yakan matso da tasar kusa da kansa da taƙi ɗaya. Ya yi wata uku a haka kafin ran nan ya ji sanyin hanci a bayan hannunsa. Bai motsa ba, bai ko juyo ba.

Daga nan ya koya masa zama, ya koya masa tafiya a igiya ba ja. Abin da ya fi ba shi wuya shi ne tsoron baƙi, don ya san in Sambo ya koma kiwo da karen da ke cizon duk wanda ya gani, wata rana za a kashe shi. Sai ya riƙa roƙon mutane. Mahaucin unguwa, abokan aikinsa, har mai sayar da ruwa, kowa ya zo sai ya ba shi guntun nama ya ce ya miƙa wa karen a tafin hannu. Ɓaleru ya koyi ya zauna tukuna, sannan ya miƙa wuya ya ɗauka a hankali ba tare da haƙori ya taɓa fata ba. Kubura ce ta ƙarshe da ta yarda ta gwada. Tun daga ranar ita ke kai masa ɗumame, tana yi tana mita.

Shekaranjiya wani dillalin shanu ya kawo saƙo. An sallami Sambo, yana wurin yayarsa Hajara a Wurogauri, ya sami tumakin da zai riƙa kiwata wa wani. Zai jira a bakin kara, inda ake sayar da dabbobi, ranar kasuwar Kalgo, a taimaka a kawo masa karensa.

Suka fito da hantsi. Bazara ce, tun da safe ƙasa ta fara zafi. Ɓaleru na tafe a gefen ƙafar Bawa, mata masu tallar fura suna raɓewa jikin katanga suna ba su hanya. A tasha Bawa bai so ya shiga da shi cikin jama'a ba, sai ya zaga baya, ya ɗaure shi a gindin wata darbejiya inda ba kowa, ya shafa kansa, ya tafi neman mota.

Direbobi biyu suka ƙi. Na uku, wani mai akori-kura da ake kira Albarka, yana lodin albasa zuwa Kalgo, ya ce, "Malam Bawa, don kai ne. Amma can baya, bisa buhu. In ya taɓa tufar wani, ba ruwana."

Bawa ya yi godiya ya juya. Tun daga nesa ya hangi mutum tsugune a gindin darbejiyar, da bokiti a gefensa. Ya gane shi. Isa ne, tsohon leburan duba-gari, mutumin da suke gaisawa kullum a hanyar ofis. Ɓaleru na zaune a gabansa yana lasar baki.

Bawa ya sheƙa da gudu, hularsa ta faɗi bai tsaya ba.

"Isa! Me ka ba shi?"

Isa ya miƙe a firgice. "Naka ne, Malam?"

"Me ka ba shi?"

"Oda ce aka ba mu jiya. Mahaukacin kare ya ciji mutum biyu a ƙauye, aka ce duk karen da aka gani waje a ba shi nama mai guba." Ya dubi bokitin, ya dubi Bawa. "Na ga ba kowa tare da shi. Wallahi ban san naka ba ne. Sauran sai mun jefa musu mu ɓuya. Wanga kuwa ina tsugunawa ya zauna, ya karɓa a hannuna kamar mutum."

"Guda nawa?"

"Biyu."

Bawa ya juya. Ya ruga wurin mai shayi, ya ɗebo gishiri cike da hannu da ruwa a gwangwani, ya dawo ya danne karen tsakanin gwiwoyinsa. Ya buɗe masa baki, ya tura gishirin har maƙogwaro, ya bi da ruwa. Ɓaleru ya yi ta mutsu-mutsu, haƙoransa na gogar yatsun Bawa, amma bai rufe bakin ba. Jama'a suka taru a nesa suna kallo. Can sai karen ya tanƙware ya amayo kumfa da guntun nama ɗaya. Bawa ya tona aman da tsinke. Ɗaya ne. Ya sake ɗura gishiri, ba abin da ya fito sai ruwa.

Ya san maganin da ake sawa a naman, ya kuma san a ofishinsu babu abin da zai karya shi, don rabon da a kawo musu irin wannan allura tun bara. In akwai, sai Birnin Kebbi, kuma motar Albarka ta nan za ta bi. Ya tura ƙasa ya rufe aman, ya sungumi karen ya hau bayan mota.

"Albarka, don girman Allah mu tafi."

"Saura buhu shida, Malam."

Sai da aka loda buhu shidan. Sai da aka ɗaure su da igiya, aka jira wata dattijuwa mai daddawa ta hau, aka tura motar ta tashi. Bawa na zaune bisa albasa, kan karen a cinyarsa, rigarsa ta fita unguwa ta jiƙe da yawu. Fasinjoji huɗu da ke baya suka takure a ɗaya gefen.

Har suka wuce Kambaza Ɓaleru lafiya lau, yana haki yana kallon gonaki. Bawa ya fara gaya wa kansa wataƙila guntun da ya fito shi ne mai maganin da yawa. Sai motar ta faɗa wani rami, ƙarfen baya ya buga ƙara. Jikin karen ya sandare gaba ɗaya. Ƙafafunsa suka miƙe kamar itace, wuyansa ya lanƙwashe baya, leɓɓansa suka janye. Dattijuwar ta yi salati ta rufe fuska da mayafi.

Abin ya sake shi. Ya kwanta yana numfashi da ƙyar, idonsa a kan Bawa. Bawa ya cire rawanin da ke kafaɗarsa ya rufe masa kai, don ya san haske da ƙara su ke tayar da abin. Amma hanyar duk ramuka ce, kuma Albarka na ta danna oda saboda jakuna. Abin ya dawo karo na biyu, ya dawo na uku, kowanne ya fi na baya daɗewa.

"Mahaukaci ne!" in ji wani fasinja mai buhun gero, ya miƙe yana dukan rufin mota. "Direba, tsaya! Mahaukacin kare aka sa mana!"

"Ba hauka ba ne," in ji Bawa. "Guba ce. Ba zai taɓa kowa ba."

Motar ta tsaya. Albarka ya zagayo, ya leƙa, ya girgiza kai. "Malam Bawa, ka yi haƙuri. Ka ga jama'a."

"Saura kaɗan mu kai Birni."

"Kai ma ka san ba zai kai ba."

Bawa ya dubi karen. Ya sauko da shi a hannu. Motar ta tafi, ƙararta ta yi nisa, wurin ya yi tsit, sai kukan kurciya. Ya kai shi inuwar wata aduwa a gefen hanya, ya zauna, ya ɗora hannu a haƙarƙarinsa. Da shirun ya samu, karen ya ɗan lafa, har ya motsa jela sau ɗaya. Bawa ya riƙa yi masa magana ƙasa-ƙasa, maganar da ba ta da kai, irin wadda yakan yi masa a bayan rumbu. Da abin ya dawo karo na ƙarshe bai sake shi ba. Bawa ya bar hannunsa a wurin har ya tabbata ƙirjin ya daina motsi.

Wani manomi da ke sharar gona a tsallaken hanya ya zo ya tsaya. Bawa ya roƙe shi aron fartanya. Mutumin ya ba shi, amma ya ce kada a binne masa kare a gona. Sai gefen hanya, inda ƙasar marmara ce, bazara ta gasa ta. Bawa ya yi ta sara, fartanyar na tashi da tartsatsi, tafin hannunsa ya yi bororo ya fashe. Da ƙyar ya sami zurfin kamu ɗaya. Manomin na tsaye yana jiran fartanyarsa, rana ta take tsaka. Bawa ya sa karen, ya tura ƙasa, ya tattake.

Ya yi taimama ya yi azahar a inuwar aduwar. Da ya sallame ya zauna yana kallon hanya. Gabas gida, yamma Kalgo. Zai iya komawa, ya aika da saƙo ta bakin dillalin. Motar farko da ta zo Gwandu ta nufa, ya bar ta ta wuce. Ya tare ta biyu.

La'asar ta kusa lokacin da ya isa Kalgo. Kasuwa ta fara watsewa, ana kora tumakin da ba a saya ba. Ya zaga bakin kara sau biyu bai ga Sambo ba, sai da wani ya kira shi daga gindin katanga.

"Likita!"

Da bai yi magana ba da Bawa bai gane shi ba. Sambon da ya sani dogo ne mai faɗin kafaɗa. Wannan kuwa riga ce rataye a ƙashi, da malfa, da sanda a tsakanin gwiwoyi. A gefensa akwai ƙullin leda da ƙaramar ƙwarya rufe da faifai.

Suka gaisa, Bawa ya tambayi jiki, Sambo ya ce da sauƙi. Yana amsawa yana leƙen bayan Bawa.

"Ina ka ɗaure shi? Hajara ta ba ni nono in kawo masa. Tun hantsi nake nan."

Bawa ya tsuguna a gabansa. Ya gaya masa komai daga farko: tasha, darbejiya, bokitin Isa, gishiri, mota, aduwa. Bai rage ba, bai ƙara ba. Sambo na saurare, kansa a sunkuye, yana murza sandarsa. Da Bawa ya gama, ya ɗago.

"Ka ce a hannu ya karɓa?"

"A hannu."

"Hannun mutumin da bai sani ba?"

"I."

Sambo ya yi wani ɗan murmushi, ya girgiza kai. "To ba Ɓaleru ba ne, Likita. An musanya maka. Shekara biyar ina tare da shi, ko ni sai na ajiye na matsa yake ci. An sha jefa masa nama a bakin gonaki, ko shinshinawa ba ya yi. Wani kare ka binne."

"Shi ne, Sambo."

"Ba ya ci a hannu, na gaya maka."

"Ni na koya masa."

Sambo ya dube shi. Bawa bai kawar da ido ba.

"Wata biyar ina koya masa. Duk wanda ya shigo gidana sai na ba shi nama ya miƙa masa. Na ga kamar in ya daina tsoron mutane zai fi daɗewa a duniya. Kuma yau da safe na hana a ba shi abinci."

Tari ya sarƙe Sambo. Ya juya ya yi ta yi, yana dafe da katanga, har sai da hawaye suka fito masa. Bawa ya jira zagi, ko Allah ya isa, ya ma fi son a yi masa. Sambo ya goge baki da gefen riga. Ya ɗauke faifan, ya dubi nonon da zafin rana ya tsinka, ya mayar ya rufe.

Bawa ya zauna kusa da shi. Aka kira sallah a masallacin kasuwa. Wani mai amalanke ya wuce yana neman hanya.

"Ya bari ka taɓa kansa?" in ji Sambo.

"Har kunne nake ja masa."

Sambo ya gyaɗa kai a hankali, kamar wanda aka ba labarin wata ƙasa mai nisa. Can ya ce, "Ramin da ka yi, yana da zurfi?"

"Kamu ɗaya. Marmara ce, kuma fartanyar aro."

"Kamu ɗaya." Sambo ya dafa sanda ya fara yunƙurin tashi. "Kafin gobe dila ya tone shi. Ungulu su sauka, karnukan makiyaya su zo. Duk wanda ya ci, ya bi shi."

Bawa, da aikinsa ke nan, bai yi wannan tunanin ba. Ya miƙe ya kama Sambo a hammata ya tayar da shi. Babu nauyi ko kaɗan.

"Ka koma gida ka huta. Ni zan je."

"Ka san inda ake sayar da diga a kasuwar nan?"

"A'a."

"To ka gani."

Sambo ya miƙa masa ƙwaryar ya riƙe, ya gyara malfarsa, ya shige gaba zuwa rumfar maƙera, yana tafiya yana tsayawa ya huta. Bawa ya bi shi a baya.